Minti 30 a wurin ɗaga ƙarfe ragwanci ne?

Sarkin Ƙarfe: Jama'a ku yi min alƙalanci. Yau kocinmu ya kira ni rago a gaban yara, wai don minti 30 nake yi in fita. Ni kowane motsi zagaye ɗaya nake yi masa, amma da nauyin gaske, a hankali, har sai hannu ya ƙi ɗagawa. Daga nan in huta kwana biyu, don a hutun ne tsoka ke ginuwa. Arthur Jones ne ya yaɗa tsarin a Amurka a shekarun 1970, kuma da irinsa Dorian Yates na Ingila ya ci Mr. Olympia, babbar gasar masu gina jiki ta duniya, sau 6 a jere, 1992 zuwa 1997. Shi ma ragon ne?

Malam Mai Alli: Raggo ake rubutawa. Rago na layya ne.

Sarkin Ƙarfe: Haba Malam, ba a aji muke ba.

Na Guramaɗa: Mu a garinmu rago muke cewa duka biyun, kuma ba mu taɓa yanka mutum ranar Sallah bisa kuskure ba.

Malam Mai Alli: Garinku ba ƙamus ba ne.

Ɗan Gidan Koci: Rago ko raggo, koci bai faɗi ƙarya ba. Arnold Schwarzenegger a zamaninsa awanni yake kwashewa yana atisaye, ya ci Mr. Olympia sau 7. Yates ɗin naka kuma ai tsokar dantsensa ta yage a 1994.

Sarkin Ƙarfe: Da yagaggen dantsen ya sake ci sau nawa? Ƙirga mana.

Anti Nas: Ƙannena, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Yana ƙarfafa ƙashi, yana taimakawa wajen daidaita suga. Sai dai mai hawan jini ya ga likita tukuna, don riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi yana cilla jini sama.

Na Guramaɗa: Anti bar su. Duk kumburi ne. A kawo su gidan dambe, turmi ɗaya ya ishe su.

Ɗan Gidan Koci: Ku da kuka sha kashi a hannun Kudu ne za ku yi maganar turmi?

Na Guramaɗa: Alƙalin wasa ne ya cuce mu, kowa ya gani!

Malam Mai Alli: Kashi ba kaye ba ne, ku bambance.

Sarkin Ƙarfe: Wai ni ba wanda zai amsa tambayata?

Admin: Ya isa haka. Abin da muka fahimta: Sarki ya yi gaggawar fushi, koci wasa yake yi. Minti 30 ɗumama jiki ne kawai, mu da muke awa biyu mun sani. Anti ma abin da take nufi ke nan. Maganar dambe a kai wani zauren.

Anti Nas: Ni ban ce haka ba fa.

Admin: An rufe sai da safe.