An ce in fito takarar sakatare a ƙungiyar kwamfutarmu, in karɓa ko in bari?

Zee_Kano:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa riƙe muƙami a ƙungiya. Muna da wata 'yar ƙungiyar kwamfuta a unguwarmu, ba wata babba ba ce, shago ɗaya muke haya da laftof goma sha biyu kusan dukkansu na hannu ne, wasu kyauta aka ba mu wasu karo-karo muka yi muka saya. Yawancin aikinmu koya wa yaran da za su zana JAMB ne yadda ake riƙe maus da amsa tambaya a kwamfuta, tunda kun san tun 2015 jarrabawar ta koma kwamfuta gaba ɗaya kuma har yau akwai yaron da ranar jarrabawa ce ranar farko da zai taɓa kibod, sai kuma ajin mata ranar Asabar na Word da Excel.

Toh wa'adin shugabanni ya ƙare, zaɓe watan gobe, kuma kujerar sakatare babu wanda ya fito. Ciyaman ya kira ni ya ce in fito wai ni ce ba na fashin zuwa. Ni kuma gsky abu biyu ke damuna, na farko ban kai samarin nan sanin kwamfuta ba, in laftof ta ƙi tashi sai dai in kira ɗayansu, na biyu ya ce wai za a sa sunana a takardun CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kuma ban san nauyin da hakan zai ɗora min ba. Ina son ƙungiyar nan har raina, a nan na koyi abin da nake ci da shi yanzu. Ya kuke gani?

Baba_Ma'aji:

Wa alaikumus salam 'yata. Na daɗe ina riƙe kuɗin wata ƙungiya irin taku a Zariya, abin da zan gaya miki shi ne kujerar sakatare ba ta neman mai gyaran laftof, mai rubutu take nema kuma mai zuwa. Abin da ciyaman ɗinku ya gani ke nan, kuma bai yi kuskure ba. Masu iya buɗe kwamfuta su canza mata ram suna da yawa a kowace ƙungiya, wanda zai zauna bayan mitin ya rubuta wa ya ce me, me aka yanke, wa aka ɗora wa aikin, zuwa yaushe, shi ne ake nema da fitila.

Amma kafin ki ce eh, ki ce a nuna miki littattafai. Littafin bayanan mitin, littafin kuɗin wata-wata na mambobi, da rajistar kaya. Wannan rajistar kayan ki kula da ita sosai, kowace laftof a juya bayanta a kwafe lambarta, a rubuta wa ya bayar, kyauta ce ko aro ce, caja nawa, batir nawa, ko janareta na ƙungiya ne ko na wani mamba ne ya ajiye. Rigimar da ke kashe irin ƙungiyoyin nan yawanci daga nan take tashi, ranar da wani ya yi fushi zai fita sai ya ce ai laftof uku nasa ne aro ya bayar, babu takarda babu shaida.

Kuɗi kuma kada ki yarda su bi ta akawun ɗin mutum ɗaya, ko da waliyyi ne. Akawun da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, sai biyu sun sa kuɗi su fita. Ko man janareta na dubu biyu aka saya a kawo rasit, in babu rasit a rubuta a sa hannu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mai ya zama babban abin da ke cinye asusun irin waɗannan wurare, to nan ne zargi ya fi saurin shiga tsakanin mutanen da suke mutunta juna. Allah ya yi miki jagora.

Abu_Hanifa_KD:

'Yar uwa maganar CAC ɗin nan ki tsaya ki tambayi ciyaman da kyau, domin abu biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai kwamitin zartarwa, wato ciyaman da sakatare da ma'aji da sauransu da mambobi ke zaɓa su sauke bisa kundin tsarin mulkin ƙungiya. Akwai kuma amintattu, su ne sunayensu ke kan satifiket ɗin rajista. A dokar kamfanoni ta CAMA 2020 wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020, ƙungiyoyi irin taku a ƙarƙashin sashen F suke, kuma amintattun ne a idon doka suke riƙe da kadarorin ƙungiya, da sunansu ake kai ƙara ko a kai su. Zama sakatariyar kwamiti ba shi ne zama amintacciya ba, za ki iya riƙe ɗaya ba ɗaya.

Kuma shiga cikin amintattu ba kamar shiga guruf ɗin WhatsApp ba ne da za ki danna ki fita. Canza amintacce sai an yi babban taro an yanke, an buga sanarwa a jarida, an jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi, sannan hukumar ta amince, duk wannan kuɗi ne da lokaci. Sannan akwai rahoton shekara-shekara da ake shigarwa tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, in ba a shigar ba tara na taruwa. Ki tambaya yaushe aka shigar da na ƙarshe, ƙungiyoyin unguwa da yawa tun ranar da suka karɓi satifiket suka rataye shi a bango ba su sake waiwayar hukumar ba. Sashe na 839 ma da aka yi ta hayaniya a kansa lokacin da dokar ta fito, masallatai da coci-coci da ƙungiyoyi duk suka yi magana, shi ne ya ba hukumar damar dakatar da amintattu a naɗa masu riƙon ƙwarya in an samu almundahana ko rashin iya tafiyar da dukiya. Ba tsorata ki nake ba, ƙungiya mai laftof sha biyu ba ita ake hari ba, amma ki san me kike sa wa hannu. Ni shawarata ki karɓi sakatare ki bar amintattun zuwa gaba.

Injiniya_Sani:

Baba da girmamawa amma ban yarda da ku ɗari bisa ɗari ba cewa sanin kwamfuta ba ya cikin lissafi. Eh ba sai ta iya gyara ba, amma kwamitin ƙungiyar kwamfuta yana yanke hukuncin da in ba ka fahimci abin ba sai dai ka ɗaga hannu kawai ka bi mai ƙarfin murya. Misali ga shi a gabanku yanzu, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da firosesa na baya-bayan nan, tsofaffin laftof ɗinku na hannu da yawansu ba za su cika sharaɗin ba. To me za ku yi, ku bar su haka yara na shiga imel a kai, ko ku sa musu Linux Mint da LibreOffice, madadin Windows da su Word da Excel, kyauta kuma suna gudu a tsohuwar na'ura, amma matan ajin Asabar Word da Excel suke so don shi ake tambaya wajen neman aiki. Wannan muhawara ce ta gaske kuma sakatare ce za ta rubuta ta ta bi diddiginta.

Wani abin kuma da ba a faɗa ba, faswod. Imel ɗin ƙungiya, shafin Facebook, rawuta, layin da banki ke turo wa alat, duk ki bincika a hannun wa suke. Sau da yawa za ki tarar komai na kan layin wayar mutum ɗaya, ranar da ya samu aiki a Abuja ko aka sace wayarsa shi ke nan shafi ya tafi da mabiyansa. A sa admin biyu ko uku a komai. Sannan yaran JAMB ɗin nan, tun 2021 sai da NIN ake rajista, na tabbata akwai lambobin yara da hotunansu zube a desktof ɗin laftof ɗinku kowa na gani, kuma akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. A riƙa gogewa bayan an gama. Ki karɓa Zee, amma ki ce sai an ba ki mataimaki daga cikin samarin nan, ki riƙa zama da shi yana nuna miki.

Hajiya_Bilki:

Ƙanwata ki fito wlh. Ni abin da na gani da idona, wurin da babu mace a shugabanci iyaye ba sa sakin jiki su turo 'yan matansu, shago ne cike da samari da yamma wa zai bar 'yarsa. Ranar da aka san akwai Anti wance a kwamiti kuma ita ke riƙe da makulli ranar Asabar sai ki ga uwa da kanta ta rako yarinya har bakin ƙofa.

Sharaɗi ɗaya dai ki kafa tun yanzu kafin zaɓe, lokacin mitin. Maza sun saba sa shi bayan isha'i su zauna har goma, ke kuma ba za ki iya ba, daga baya a ce sakatare ba ta zuwa. Ki ce bayan la'asar, a fara a kan lokaci a tashi kafin magariba, a rubuta shi a bayanan mitin. Kuma ki sanar a gida su san da maganar, don akwai kiran waya da yawa a aikin nan. Kada kuma ki bari su mayar da ke mai kawo ruwa da share shago don ke ce mace, a yi jadawali kowa ya ɗauki ranarsa har ciyaman.

Zee_Kano:

Na gode sosai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Baba na je na ce a nuna min littattafan, na mitin yana nan amma an daɗe ba a rubuta komai ba, rajistar kaya kuwa babu ita sam, na ce ko da zaɓe ko babu ranar Asabar za mu zauna mu kwafe lambobin laftof ɗin duka. Malam Abu Hanifa, ashe amintattun ciyaman yake nufi, wai ɗaya daga cikinsu ya koma Legas suna son cike gurbi, na ce masa wannan a dakata tukuna. Tambaya ɗaya ta rage, kundin tsarin mulkin namu ba wanda ya san inda kwafin yake, ya za a yi?

Abu_Hanifa_KD:

Indai an yi rajista to akwai kwafi a wajen CAC, don yana cikin takardun da ake miƙawa. Ki fara tambayar lauya ko ejan ɗin da ya yi muku rajistar, yawanci suna ajiyewa. In ba a same shi ba sai ku nemi kwafi mai hatimi daga hukumar, ana biyan kuɗi. Ku samo shi kafin ranar zaɓe, domin a cikinsa ne aka rubuta tsawon wa'adi da adadin mambobin da sai sun halarta zaɓe ya inganta.