Abincin ketojenik ga yarinya mai farfaɗiya: in fara a gida kafin ranar asibiti?

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai larura ta fito da ni.

'Yata shekararta shida. Farfaɗiya ta fara mata tana da uku da rabi. An ɗora ta a kan sodium valproate, ta samu sauƙi na 'yan watanni, ciwon ya dawo. Aka ƙara awo, bai tsaya ba, sai aka haɗa mata da levetiracetam. Shekara guda ke nan tana shan biyun safe da dare, ko sau ɗaya ban bari ta tsallake ba. Ina da ɗan littafi da nake rubuta duk tashin ciwon da lokacinsa, a watan jiya kaɗai na ƙirga 17. Wani lokaci kanta ne kawai zai rusuna kamar an tsinke zare, wani lokaci ta zube gaba ɗaya. Haɓarta har yau da tabon ɗinki.

Likitanta ya ce tunda magani biyu sun gaza, yana so a gwada mata abincin da ake kira ketojenik, mai yawan maiƙo da ƙarancin sitaci da sukari. Ya tura mu wurin ƙwararriyar abinci, amma ranar da aka ba mu sai nan da mako shida. Mako shida a wurina faɗuwa ashirin ce ko fiye.

Shi ne nake tambaya: zan iya janye mata shinkafa da burodi da kayan zaƙi tun yanzu, in yawaita mata mai da ƙwai, kafin ranar? Wannan maiƙon ba zai taɓa mata zuciya ba? Kuma idan abin ya karɓe ta, za a daina ba ta ƙwayoyin nan? Wallahi suna sa ta barci, yarinyar da a da ba ta zama wuri ɗaya. Duk wanda ya taɓa bin wannan hanya ya taimake ni.

Abu Sadik ya amsa:

Wa alaikumus salam Maman Biyu. Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da wannan ɗawainiya. Ɗana yana kan wannan abinci wata goma sha huɗu yanzu, don haka bari in gaya miki abin da na gani da idona.

Don Allah kada ki fara da kanki. Ni ma sai da wannan tunanin ya zo mini, na ɗauka rage sitaci ne kawai da ƙara mai. Da muka zauna da ƙwararriyar abinci na gane ban fahimci komai ba. Namu an sa shi a kan awon huɗu bisa ɗaya: duk giram huɗu na maiƙo, giram ɗaya ne kacal na furotin da sitaci a haɗe. Ki ɗauki ƙwan da kike magana. Ƙwai ɗaya yana da furotin kusan giram shida, maiƙonsa kuwa wajen biyar. Shi kaɗai ko kusa da awon bai kai ba, sai an ƙara masa kamar giram 20 na man zaitun. Da ido ba za ki taɓa cinkar wannan ba. Muna da ƙaramin sikeli a kicin, komai sai an auna shi, har ganyen da za a yanka masa. Kuma dole ya cinye duka, har man da ya kwanta a gindin kwano sai an kankare an ba shi, domin idan ya bar man ya ci sauran, lissafin ya ɓaci.

Makonni biyun farko ba zan ɓoye miki ba, mun sha wuya. Ya yi amai, jikinsa ya mutu, ana ta huda masa yatsa ana duba sukarin jini. Bayan gida ya yi masa tauri har sai da aka rubuta masa magani. Akwai daren da mahaifiyarsa ta zauna tana kuka ta ce a haƙura. A wata na biyu ne muka ga canji: daga tashi goma zuwa sha biyu a mako ya koma biyu ko uku. Bai warke ba, amma ya fara kallon mutum ido cikin ido, ya koma makaranta.

Abin da ya fi ba mu wahala ba girkin ba ne, sukarin da ke ɓoye ne. Ya yi zazzaɓi na sayo masa maganin ruwa na yara ban karanta jikin kwalbar ba, ashe cike yake da sukari. Cikin kwana biyu keton ɗin da muke gwadawa a fitsarinsa, wato sinadarin da jiki ke fitarwa idan yana ƙona maiƙo, ya sauka, ciwon ya tashi sau biyar. Laifina ne, an gargaɗe mu na manta. Tun daga nan duk maganinsa ƙwaya ake ba mu mu niƙa, man goge bakinsa ma sai da aka duba. Sai kuma masu ƙaunarsa: kakarsa ta ga ana ci ana hana jikanta, ta miƙa masa alewa a ɓoye. Sai da na zauna da ita na ce, Mama, kwanon nan nasa magani ne kamar ƙwayar da yake sha. Daga ranar ita ce ma mai gadinsa.

Ƙwayoyi kuwa har yanzu yana shan ɗaya. Ɗaya maganin kuwa likita ya janye shi a hankali bayan wata takwas.

Anti Nas ta amsa:

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Littafin nan da kike rubutu a ciki ki riƙe shi da kyau, da shi za a auna ko abincin ya yi aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara, ina goyon bayan Abu Sadik, kuma zan ƙara miki dalilin da ya fi nauyi.

Abin da wannan abinci yake yi shi ne ya hana jiki sukarin da ya saba ƙonawa, sai hanta ta koma sarrafa maiƙo tana fitar da keton, ƙwaƙwalwa ta riƙa aiki da shi. To akwai yaran da aka haifa jikinsu ba ya iya ƙona maiƙo yadda ya kamata, ko suna da ƙarancin sinadarin kanitin, wanda ke taimaka wa jiki ƙona maiƙo. Irin wannan yaro idan aka janye masa sitaci aka cika shi da mai, ana iya rasa shi. Ba a ganewa da kallo, sai an gwada jini da fitsari. Kuma ke 'yarki tana shan valproate, wanda shi ma yana iya rage kanitin a jiki. Saboda wannan kaɗai ma ya isa ki jira.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Tun da daɗewa likitoci suka lura cewa idan mai farfaɗiya ya daina cin abinci na wasu kwanaki ciwon yana lafawa, amma ba wanda zai rayu da yunwa. A 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya kawo shawarar abincin da zai sa jiki ya yi kamar yana cikin yunwar alhali mutum yana ci. Da maganin farfaɗiya na phenytoin ya fito a 1938 aka yi ta barin hanyar, sai a shekarun 1990 ta farfaɗo, musamman ta asibitin Johns Hopkins. A 2008 aka wallafa gwajin da aka yi a Landan kan yara 145 da magani ya gaza musu. Bayan wata uku, kashi 38 cikin ɗari na waɗanda aka ɗora kan abincin tashin ciwonsu ya ragu da fiye da rabi, a rukunin da ba a ɗora kan abincin ba kuwa kashi 6 ne. Na kawo miki adadin ne don ki shiga da fata, amma ki san ba kowane yaro yake karɓa ba. Shi ya sa ake ba shi kamar wata uku a gani. Idan ya yi, galibi a ci gaba wajen shekara biyu sannan a duba yiwuwar sassautawa.

Yadda kika kwatanta rusunawar kai da zubewa, ki tambayi likitan sunan nau'in farfaɗiyarta. Akwai nau'o'in da aka san suna amsa wannan abinci sosai, kamar na Doose da na Dravet, akwai kuma larurar GLUT1, inda sukari ba ya shiga ƙwaƙwalwa sosai, wadda ita wannan abincin ne ainihin maganinta.

Batun zuciya: e, kitsen jini yakan hau, musamman a watannin farko, shi ya sa ake bibiyar jinin lokaci zuwa lokaci. Ni abin da na fi sa wa ido shi ne tsakuwar ƙoda da girman yaro da ƙarfin ƙashi. Abincin ba ya ɗauke da isassun bitamin da ma'adinai, dole a haɗa mata da ƙari marar sukari, da kalsiyam da bitamin D, kuma ta riƙa shan ruwa sosai. Za a riƙa auna tsayinta da nauyinta duk zuwa.

Ƙwaya ko rabi kada ki rage da kanki. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa. Barcin da yake sa ta ki gaya wa likita a fili, wataƙila a gyara awon ko lokacin sha. Kuma ki koma ki nuna musu adadin nan na 17 da tabon haɓarta, ki roƙa a matso da ranar. Ana yi.

Ɗan Uwa 34 ya amsa:

Yaya, ni da kaina nake da ciwon tun ina shekara goma sha biyar. Wancan mai sikelin ban iya ba, ga aiki ga tafiye-tafiye. Aka sa ni a kan sassauƙansa, wanda aka gyara daga tsarin abincin rage ƙiba na Atkins: sitaci kada ya wuce giram 20 a rana, mai da yawa, nama da kifi da ƙwai ba a auna mini. Akwai wani ma da ake barin giram 40 zuwa 60, amma sai irin sitacin da ba ya ɗaga sukarin jini da sauri. Ki tambaya, kada ki ɗauka ƙofa ɗaya ce.

Wani abu da na so a ce an gaya mini da wuri: na yi shekaru ina shan carbamazepine kafin a gano bitamin D ɗina ya yi ƙasa ƙwarai. Magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin da phenobarbital suna sa hanta ta cinye bitamin D da sauri. Ko mutum ba ya kan wani abinci na musamman ya kamata a duba masa wannan. Ni dai har gobe abin da ya fi tayar mini da ciwo rashin barci ne da mance ƙwaya, duk kiyaye abincina.

Maman Biyu ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, ya ba naku lafiya. Anti Nas, maganar yaran da jikinsu ba ya ƙona maiƙo ta tsorata ni, domin jiya da dare har na yanke shawarar daga safiyar yau ba za ta ƙara ganin shinkafa ba. Na fasa. Yau na koma asibiti da littafin, an ɗebi jininta, kuma sun ce za su kira ni idan an samu gurbi kafin ranar. Na rubuta tambayoyina a bayan littafin: nau'in ciwonta, kanitin, bitamin D, da barcin nan.

Abu Sadik, saura abu ɗaya da yake hana ni sukuni. Tana da ƙane ɗan shekara huɗu, kwano ɗaya suke ci tun yana rarrafe, ko ruwa ba ya sha sai ya miƙa mata. Ku yaya kuka yi da sauran yaran gidan lokacin cin abinci? Raba su kuka yi, ko kowa da kwanonsa a wuri ɗaya?