'Ya'yan minista da kalmar maraici: yadda aka kwashe a zauren unguwa

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ya daɗe yana ci mini rai. Jiya a wurin biki a Gawon Nama, nan cikin Sakkwato, wata ta dube ni gaban mutane ta ce "ku ai kun haye, yayarku matar minista ce." Wallahi da ta san zaman gidan nan da ba ta faɗa ba. Mijin yayata ya riƙe minista a wata gwamnati da ta wuce, kuma ba ɗan jiharmu ba ne, kada kowa ya fara lissafi. Na yi hutu gidansu a Abuja, da idona na gani. Kafin a sallame asuba layi ya kafu bakin get: mai takardar neman aiki, mai katin ɗaurin aure, mai takardar asibiti, shugabannin mazaɓa da suka kwana a hanya. Ya fita ofis, babban sakatare na jiransa da fayil-fayil. A lokacin, Laraba zaman majalisar zartarwa ne a fadar shugaban ƙasa, ba mai sanin lokacin tashi. Lokacin kasafin kuɗi kuwa yana gaban kwamitocin majalisa yana kare abin da ma'aikatarsa ta nema. Ya dawo bayan isha'i ya tarar 'yan siyasa sun cika falo, sai biyun dare. Juma'a ya hau jirgi zuwa jiharsu, ta'aziyya, ɗaurin aure, sulhun 'yan jam'iyya. Ranar walimar saukar babban ɗansa aka kira shi fada, ƙaninsa ne ya tsaya. Yaran nan kamar marayu suka tashi, uba na raye amma sai su gan shi a NTA. Kujerar minista cin iyali take yi, ku daina ganin hutu ake.

Ɗan Sabon Birni: Marayu? Hajiya ki ji tsoron Allah. Taho Sabon Birni ko Isa ki ga marayu. Tai Goronyo ki tambayi ɗiyan waɗanda anka kashe ranar kasuwa cikin Oktoba 2021, mutum sama da 40 yini guda. Ɗiyan da mota mai sanyi ka kaiwa makaranta su na marayu?

Maman Hanan: Ƙanena, "kamar" na ce. Koma ka karanta.

Ɗan Sabon Birni: Ko kamar ɗin ba ta halatta ba.

Malam na Islamiyya: Hajiya, Allah shi ba ki haƙuri, amma yaron nan na da gaskiya. Maraya a shari'a shi ne wanda mahaifinsa ya rasu bai kai ga balaga ba. Suna ne mai hukunci, akwai haƙƙin dukiya da na riƙo a ƙarƙashinsa, kuma Manzon Allah (SAW) da kansa a maraici ya tashi. Ba a aron wannan suna a ɗora wa mai uba.

Anti Luba: Allah gafarta Malam, mu dai tun muna yara wanda ya rasa uwa ake ce wa maraya. Uba ai ko yana gida ba shi ke goyo ba.

Malam na Islamiyya: A wurin malaman lugga, a cikin dabbobi ne ake kiran wanda ya rasa uwa da wannan suna. A cikin mutane uba ne.

Anti Luba: To madalla. Yau mun zama dabbobi.

Malam na Islamiyya: Subhanallahi, ba haka na ce ba.

Anti Luba: Rubutun na nan, kowa ya gani. Ni uwata ta rasu ina aji biyu, kishiyarta ta riƙe ni. Kada wanda ya koya mini maraici daga littafi.

Baban Khalifa: Jama'a ku tsaya, an bar maganar da aka kawo. Na yi ritaya daga aikin gwamnatin tarayya, kuma abin da Hajiya ta faɗa kan layin bakin get yana da tushe. Sashe na 147 na tsarin mulkin 1999 ya ce dole shugaban ƙasa ya ɗauko aƙalla minista guda daga kowace jiha, ɗan asalinta, Majalisar Dattawa ta tantance shi. Shi ya sa mutane ke ɗaukarsa rabon jiharsu, ba ma'aikacin ƙasa ba. A jiha irin tamu mai ƙananan hukumomi 23, kowace na ganin tana da haƙƙi a aljihunsa. Alhali a takarda shi mai tsara manufa ne, babban sakatare ke da alhakin kuɗin ma'aikata, ɗaukar aiki kuma yana da hukumarsa. Sannan doka ta shiga har ɗakinsa: zai bayyana kadarorinsa da na 'ya'yansa marasa aure da ba su kai shekara 18 ba, ba zai buɗe asusun banki a ƙasar waje ba, ba zai gudanar da wani kasuwanci ba in ban da noma. Ga shi ba wa'adi ne da shi ba, wanda ya naɗa shi na iya sauke shi da rana tsaka. Mai irin wannan kujera ba ya iya cewa "yau ina gida da yara."

Ɗan Sabon Birni: Baba, duk wanga bayani, marayu na ko ba marayu ba?

Baban Khalifa: Ni ban shiga wannan ba.

Sarkin Yaƙi: Ku lura da abu guda, ta ce gwamnatin da ta wuce. Can ne ake irin wannan. Yanzu aiki ake. Ran 21 ga Agusta 2023 aka rantsar da ministoci 45, namu Bello Goronyo na ciki, a 2024 aka mai da shi ƙaramin ministan ayyuka, aka ƙara mana Maigari Dingyadi a ƙwadago. Kujera biyu. Ga titin Sakkwato zuwa Badagry an ƙaddamar a Illela. Wa ya taɓa yi mana haka?

Na Kofar Marke: Kai dai ko gaisuwar mutuwa aka zo sai ka kawo jam'iyya. Mukhtar Shagari bai riƙe ma'aikatar ruwa ba zamanin Obasanjo? Cikakken minista, ba ƙarami ba.

Sarkin Yaƙi: Ƙaramin minista ma zaman majalisar zartarwa yake shiga. Kuma Dingyadi cikakke ne.

Ɗan Mabera: Cikakke ko rabi, mu har yau ruwan 'yan kura muka saye.

Baban Khalifa: Ruwan famfon cikin gari aikin jiha ne, ba na minista ba. Tarayya madatsun ruwa take riƙe da su, irin na Goronyo.

Na Kofar Marke: To jihar hannun wa take?

Sarkin Yaƙi: Kafin 2023 hannun wa take, shekara takwas?

Admin: A bar siyasar jam'iyya don Allah, dokar zaure ce.

Hajiya Inno: Ni abin da ya ba ni haushi, duk maza kun taru kan kalma guda, ba wanda ya tambayi halin matar. Ita ke tarbar baƙin, ita ke sa a ɗora tukunya ta mutum hamsin, ita dangin miji ke zagi in ba a samu ganinsa ba, ita nata dangin ke zagi su ce ta yi rowa. Kuma da mace ce ministar fa? Aisha Abubakar 'yar jihar nan ta riƙe ƙaramar ministar masana'antu da kasuwanci daga 2015. Mace in ta riƙe irin wannan kujera ta dawo gida dare, cewa za ku yi ta saki tarbiyya. Namiji ya yi, ku ce hidimar ƙasa.

Ɗan Mabera: Hajiya Inno, ubana ɗan ci-rani na. Da an cire amfanin gona shi nufi Legas, sai damina ta faɗi muka ganinai. Direbobin tirela ma haka. Ba wanda ya taɓa rubuta muna doguwar takarda ta tausai.

Maman Hanan: Ai da ka rubuta da mun tausaya. Ciwon wani ba ya goge na wani.

Na Kofar Marke: Marigayi Shehu Shagari ya yi minista tun Jamhuriya ta Farko, ya yi shugaban ƙasa 1979 zuwa 1983, ba mu taɓa jin iyalinsa sun fito suna kuka ba. Mutanen da ke nan.

Hajiya Inno: Ka shiga cikin gidan ka tambaya? A lokacin akwai waya da za su rubuta?

Abba Ƙarami: Anti Maman Hanan don Allah ki duba, na yi miki magana ta gefe. Na gama bautar ƙasa tun bara, ko lambar mai taimaka masa ce a ba ni.

Maman Hanan: Kun gani ko? Abin da nake faɗa ke nan. Abba, mutumin ya sauka tuntuni. Satin da aka rushe majalisar ministoci get ɗin nan ya zama wayam, wayar da ba ta hutawa ta yi tsit. Yanzu yana gida kullum, amma yaran sun girma, babban in ya shigo gaishe shi tsayuwa yake yi bakin ƙofa, ba su saba hira ba. Wannan nake nufi.

Ɗan Sabon Birni: Shina gida kullum. Kin ji bambancin. Namu suna maƙabarta.

Anti Luba: Ni dai har yanzu ina jiran Malam ya janye maganar dabbobi.

Malam na Islamiyya: Ba a janye ilimi, Hajiya. In lafazin ya ɓata miki rai ki yafe.

Admin: To jama'a dare ya yi, ga abin da zaure ya tsaya a kai. Malam ya kawo hujja ta shari'a kuma ba wanda ya iya ture ta, don haka kalmar maraya ba ta dace ba, muna ɗauka Hajiya Maman Hanan ta fahimta ta janye. Bayanin Baban Khalifa ya nuna ministoci na cikin aiki mai nauyi, sai mu riƙa yi wa namu biyu addu'a maimakon ƙorafin ruwa, tunda an tabbatar ba aikinsu ba ne. Maganar titin Illela gaskiya ce, alheri ne ga Sakkwatawa. Batun da Hajiya Inno ta kawo na mata ba shi cikin maudu'i. Waɗanda suka kawo tsohuwar jam'iyya kuma su kiyaye gaba.

Maman Hanan: Ban janye komai ba, Alhaji.

Na Kofar Marke: Sarkin Yaƙi ne ya fara kawo jam'iyya, shi ba ka ambace shi ba.

Admin: An rufe zaure sai bayan asuba. Waɗanda ba su biya kuɗin gyaran rijiyar masallaci ba su tura wa ma'aji kafin Juma'a.