Macen hawainiya ta ƙi abinci tana sauka ƙasa, me ake yi mata?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Idan hawainiyar Yaman ta yi barbara, daga baya ta ƙi abinci tana ta sauka ƙasan keji, me ya kamata a tanadar mata?

Mai Kiwon Hawainiya:
Wa alaikumus salam. Wurin zuba ƙwai take nema, yawanci kwana 20 zuwa 30 bayan barbara. Sa mata bokiti cike da yashi gauraye da ƙasa, zurfin santimita 30. Ka jiƙa shi yadda in ka yi rami da yatsa ba zai rufta ba, amma kada ruwa ya kwanta. Jingina reshe ta riƙa shiga. Sai ka lulluɓe kejin da zane, ka daina leƙe. In ta ga ana kallonta sai ta bar ramin, ƙwan ya maƙale a cikinta, kuma hakan na iya kashe ta.

Baban Ƙadangaru:
Haka ne, Malam. In ta rufe ramin ta hau sama, a fesa mata ruwa sosai, domin ba ta shan ruwan kwano, sai ɗigon da ke kan ganye. Gyaren da za a ba ta a barbaɗa masa garin kalsiyam, ƙwai ya zuƙe na jikinta.

Uwar Keji:
Ƙwan kuma a tono a hankali da cokali. A jera a roba mai murfi, rabin kowane ƙwai binne cikin bamikulait (wani ma'adini mara nauyi mai riƙe danshi) da aka jiƙa da ruwa daidai nauyinsa. Zafi digiri 25 zuwa 27, kuma kada a riƙa juya su kamar na kaza. Sai haƙuri, wata 6 zuwa 9 kafin ƙyanƙyasa. Wanda ya yi fumfuna ya ruɓe a cire shi.