Ƙotar bindigar iskata ta tsage, in sa a sassaƙa wata ko in nemo ta roba?

Mai Lambu: Assalamu alaikum. Ina da bindigar iska irin wadda ake karyawa a ɗana, mai cin dalma mai kaurin milimita 4.5, da ita nake korar ɓeraye da gafiya a lambuna can hanyar Mirya. Ta zamo daga kan amalanke, ƙotar ta tsage daidai wurin riƙo. Wani kafinta a Zango ya ce zai sassaƙa mini sabuwa da iccen madaci kan jika 12. Tsorona ɗaya ne, in na kwance notocin nan uku da kaina, ba abin da zai fallo mini? Masu sani ku taimaka.

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam. Sayar da ita kawai ka sayi mai 5.5, ita ce maganin gafiya.

Mai Lambu: Ɗan'uwa, bakinta lafiya lau yake, iccen kaɗai ne ya lalace.

Tsohon Maharbi: Ɗana, notocin uku ba su da laifi, biyu a gaba, ɗaya a bayan kunama. Amma kafin ka taɓa su ka tabbata ba a ɗane take ba, ka kuma leƙa ta baya ka ga haske ya ratsa, ba dalma a ciki. In ƙotar ta fita kada ka kife ƙarfen, a wasu bindigogin iccen ne ke tare ƴan ƙusoshin kunama, su zube cikin rairayi shi ke nan. Murfin baya kuwa kada hannunka ya kai gare shi. Shi ke tare sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke tura iska, kuma a matse yake ko ba a ɗana ba.

Baban Biyu: Baba, da na ji wannan magana shekara uku da suka wuce da yatsan ƙanena bai zama yadda yake ba. Mu ma kafinta muka kai wa. Aiki ya fito kyakkyawa, har da man goge icce, sai dai ramin notin baya ya zurfafa shi, notin ya shige ya dunguri kunama daga ciki. Ba wanda ya lura. Yaron ya karya bakin, yana cikin tura dalma, kunama ta saki da kanta, bakin ya rufo da ƙarfi ya datse masa babban yatsa. Mun kwana a asibiti, aka ɗinke, amma har yau ba ya lanƙwasuwa, shi da yake koyon ɗinki a keke. Na koma wurin kafintan ya ce shi icce aka ba shi, ba ƙarfe ba. Ko sannu bai zo ya yi ba. Abin da ke ci mini rai ke nan har gobe.

Ɗan Birni: Subhanallahi. Allah ya ƙara masa lafiya.

Baban Biyu: Amin. Kuma bakin bindigar ma ya karkace sama, sai da muka yar da ita.

Tsohon Maharbi: Shi ya sa ko da yaushe hannu ɗaya na riƙe da baki lokacin sa dalma. In aka mayar da ƙota, a ɗana ta, a juya bakin ga tulin ƙasa, a bubbuga gindin da tafin hannu. In ta tashi da kanta a sake kwancewa.

Na Sabon Gari: Jika 12 ya yi yawa. Ni an yi mini a jika 5.

Mai Shago: Jika 5 sai dai iccen dogon yaro ɗanye, rani ɗaya zai tsage. Ta roba da aka kawo mini daga Kano jika 20 ta tsaya, kuma sai ka faɗi sunan bindigar daidai, ta Gamo ba ta hawa ta Diana.

Na Sabon Gari: Kai ai sayarwa kake, dole ka kushe icce. Maganar Baba za a bi.

Mai Shago: Baba bindigar toka ya sani, ita ya yi farauta da ita.

Tsohon Maharbi: Yaro, tun kana goye nake kwance ta iska.

Bakano: Damagarawa ke nan, gari guda an taru kan ɓera ɗaya. Ku aro kyanwa mana.

Ɗan Birni: Ka zo da taku ta Kano, gafiyarmu ta kora ta har Maimujiya.

Maman Tattabaru: Ni dai ku da kuke gyara bindigogin nan, don Allah ku riƙa ɓoye su. Tattabaruna huɗu yaran unguwa suka kakkaɓo cikin wata guda, ɗaya tana kan ƙwai. Ranar Juma'a dalma ta huda mana kwanon rufi, jikata na kwance a ƙasa.

Na Sabon Gari: Hajiya, haka muke fama. Ka je wurin uban yaro ya ce ai wasa ne. Ku kai wa mai unguwa.

Maman Tattabaru: Mun kai sau biyu.

Mai Lambu: Allah ya kyauta, Hajiya, tawa a kulle take cikin ɗaki. Baba, to madacin zai jure bugun sifirin, ko in nemi ƙirya?