Jinin da aka ɗiba da yardar mai shi, wa ke da ribarsa?

Mai Lissafi: Ni dai matsayina bai canja ba. Wanda ya miƙa hannu aka ɗibi jininsa, ya sa hannu a takarda, ba shi da kaso a ribar maganin da aka samar daga baya. Kamfani ne ya zuba kuɗi, ya yi shekaru yana gwaji, kuma yawancin gwajin a asara yake ƙarewa. Ko kotun ƙolin jihar Kaliforniya haka ta yanke a 1990 a shari'ar John Moore, majinyacin da ya nemi kaso a ribar da aka samu daga ƙwayoyin jikinsa, cewa ƙwayoyin da aka cire daga jikin mutum sun daina zama dukiyarsa.

Hajiya Lauya: Malam, ka faɗi rabin hukuncin. Kotun nan ta ce wajibi ne likita ya sanar da majinyaci idan yana da wata riba da yake hange. Kuma wace takarda? A 1990 masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona suka fara ɗibar jinin 'yan ƙabilar Havasupai ta Amurka, su mutanen a saninsu don ciwon sukarin da ya addabe su ne. Ashe an juya jinin zuwa binciken taɓin hankali da auren dangi, har da cewa kakanninsu daga Asiya suka taso, alhali a imaninsu cikin kwarin Grand Canyon suka samo asali. A 2010 aka biya mutum 41 dala 700,000, aka mayar musu da jininsu.

Mai Lissafi: Wannan cin amana ne, Hajiya, ban musa ba. Amma ba a sayar da komai ba. Maganar riba nake yi.

Ɗalibin Kimiyya: To ga ta riba, Malam. A 1995 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta karɓi takardar mallaka a kan ƙwayoyin jinin wani ɗan ƙabilar Hagahai ta Papua New Guinea, sai da surutu ya yi yawa ta janye a 1996. Ka tambayi kanka me ya sa ake tsallake manyan birane a nemi irin waɗannan al'ummomi. Sun daɗe a ware suna aure tsakaninsu, don haka bambancin gadon halitta da ke da wuyar samu a duniya, a wurinsu yana da yawa. Darajar jinin daga jama'ar ta fito. Mutum ɗaya ya sa hannu, an karanta sirrin danginsa kaf.

Uwar Biyu: Ni tsorona daban ne. Ranar da aka sa wa jini farashi, talaka zai yi layi ba tare da ya tambayi me za a yi da shi ba. Kuma kuɗin hannun wa zai shiga? Shugabanni?

Hajiya Lauya: Shi ya sa ba a ce a raba kuɗi hannu da hannu ba, 'yar'uwa. Tun 2000 kwamitin ɗa'a na HUGO, ƙungiyar masana gadon halittar ɗan Adam ta duniya, ya ba da shawarar kamfanoni su ware kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na ribarsu don kiwon lafiya da ayyukan jinƙai. Shawara ce kawai, ba ta ɗaure kowa ba. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 kuwa, ta ƙasashen duniya kan rabon ribar albarkatun halitta, wadda ita ce mai ƙarfin doka, ta shafi tsirrai da dabbobi, ba ta shafi jikin ɗan Adam ba. A 2019 'yan ƙabilun Khoi da San na Afirka ta Kudu suka sami kashi 1.5 cikin ɗari na kuɗin da ake sayen ganyen rooibos daga manoma. Wato ganyen shayi ya fi jinin mutum gata a doka.

Ɗalibin Kimiyya: Wasu ma ba kuɗi ne damuwarsu ba. 'Yan Yanomami na Brazil sun yi shekaru suna neman jinin da aka ɗiba musu tun ƙarshen shekarun 1960, domin a al'adarsu ba a barin wani abu na mamaci ya saura. Da aka mayar a 2015, binne shi suka yi. Su kuwa 'yan ƙabilar Navajo ta Amurka a 2002 suka dakatar da binciken gadon halitta a yankinsu baki ɗaya.

Mai Lissafi: Kashi 1.5 ba zai durƙusar da kamfani ba, na yarda. Amma yanzu ba kwalbar jini ake fatauci ba, bayanan da aka karanta daga cikinta ne ke yawo a kwamfutoci. Magani ya fito bayan shekara ashirin daga bayanan mutum dubu ɗari, ta yaya za a gane kason wace ƙabila?

Hajiya Lauya: Kamfanin da ya san daga wane tsibiri zai ɗibi jini, ai ba zai manta adireshin ba ranar rabo. A rubuta sharaɗin kafin allura ta shiga.

Uwar Biyu: Har yanzu ba wanda ya gaya mini wa zai riƙe kuɗin.