Mayar da tsohon soro ɗakin ɗaukar hoto: abin da aka ba da shawara

Da aka tattauna batun tsakanin masu hoto da magina a birnin Kano, bakinsu ya zo ɗaya: a fara da rufi. Kafin a sayi fenti, a hau a duba azara ko gara ta ci, a kuma share indararo, domin ruwan damina ta sama yake kashe ginin ƙasa.

An daɗe a kan yaɓe. Magina sun ce kada a shafe tubali da siminti. Siminti yana tare danshi a ciki, bango ya riƙa rubewa a ɓoye, wata rana filastar ta ɓanɓaro gaba ɗaya. A yi yaɓen ƙasa, a bi da makuba kamar yadda aka gada. Ni ma nan na tsaya, don kaurin bangon ne ke sanyaya ɗaki lokacin bazara.

Wajen haske, an fi son taga mai kallon arewa saboda laushin haskenta. Sai dai a Kano, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewa, don haka a rataya farin labule. Bangon ciki ya zama fari ko ruwan toka, tunda launi mai ƙarfi yakan haska a fuskar mutum.

Tsofaffin wayoyin lantarki a cire su duka, a tanadi sola. Kyamarori kuwa a kulle su a kabad saboda ƙurar hunturu. Zanen dagi da ke bakin zaure, kowa ya ce kada a taɓa shi, amare za su so a ɗauke su a gabansa.